Giris ɗin leda: Arhar da ke kashe injin yankan ciyawa a kudancin Kaduna

Da zarar damina ta kankama a Kaduna, ƙarar injin yankan ciyawa ba ta yankewa a Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da Kakuri. Makarantu, harabar masallatai da coci-coci, filayen ƙwallo da gidaje masu fili duk suna neman mai yanka. Matasa da dama sun mayar da aikin sana'a, wasu na tura injin mai taya, wasu na rataya mai dogon hannu a kafaɗa. Injin shi ne jarinsu kaf. Sai dai da yawa daga cikin injunan kan mutu tun ba su tsufa ba, kuma sau da yawa giris ɗin da aka cusa musu ne sila.

Kowa ya san yadda cinikin yake. Mai shago zai buɗe bokiti, ya ɗebo giris da ɗan katako, ya ƙunsa a leda. Babu suna, babu lamba. Mai saye zai duba launi, ya murza a yatsa, idan ya ji danƙo sai ya ce mai kyau ne. Alhali launin rini ne kawai da kamfani ya zuba. Ja, shuɗi ko rawaya ba ya nuna zafin da giris zai iya jurewa.

Giris dai mai ne da aka daskarar da wani sinadari mai kama da sabulu, wanda ke riƙe man kamar soso yana sakinsa kaɗan-kaɗan a kan boris. Wannan sinadarin ne ke raba wani giris da wani. Na kalsiyam na gargajiya yana jure ruwa, amma zafi ya wuce kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyos sai ya fara narkewa. Na litiyam yana kai wa kusan digiri 120, kuma yana jure ruwa daidai gwargwado. Akwai kuma lambar kauri da ake kira NLGI, daga 000 mai ruwa-ruwa zuwa 6 mai tauri. Lamba 2 ce ta dace da yawancin boris.

Injin yankan ciyawa yana aiki a yanayi mai wuya. Wuƙarsa na juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura ce ke bin kowace kafa, ta cakuɗa da giris ta riƙa cin ƙarfe. Saboda haka abin da ya fi dacewa da boris ɗin taya da na sandar wuƙa shi ne gwangwanin da aka rubuta Lithium da NLGI 2 a jikinsa. Idan akwai haruffan EP, alama ce yana jure nauyi da bugu. Shi kuwa injin kafaɗa, akwatin giyar da ke kusa da wuƙa yana da giris ɗin da kamfaninsa ya ayyana a littafin injin, kuma shi ya kamata a bi.

Ko an sayi giris mai kyau, akwai ɗabi'un da ke ɓata shi. Ta farko ita ce haɗa iri biyu. Wasu nau'o'in ba sa jituwa, idan suka gauraya sai su saki, su tsiyaye, boris ya bushe. Wanda zai sauya iri, ya fara wanke tsohon tas. Ta biyu ita ce cika boris maƙil da tunanin yawa shi ne kariya. Giris mai yawa yana haifar da zafi, ya kuma fasa robar da ke hana ƙura shiga. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gurbin ya wadatar. Ta uku ita ce ɓanɓare murfin boris ɗin da aka rufe tun daga kamfani, irin mai alamar 2RS, don a ƙara masa giris. Irin wannan idan ya fara kuka, sauya shi ake yi. Mafi muni kuwa shi ne ɗura baƙin man da aka juye daga injin mota, wanda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe kuma ba ya zama a wuri ɗaya.

Masu sayen giris na leda suna da hujjarsu: rayuwa ta yi tsada, kuɗin gwangwani guda na iya cinye ribar yini. Gaskiya ne. Amma gwangwani mai gram 500 zai iya kai inji ɗaya ƙarshen damina. Idan boris ya ƙone kuwa, yakan tafi da sanda ko giya, ga kuɗin bakanike, ga kwanakin da za a yi babu aiki a daidai lokacin da ake rububin masu yanka. Arha dai ba ta ado. Masu yanka biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya su raba. Lissafin bai bambanta ba ga mai injin markaɗe ko famfon ban-ruwa a bakin Kogin Kaduna.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna wane yanki ake magana a kai. A Kakuri masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, a nan kuma Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 a hanyar Kachia tana da sashen sarrafa man injuna. Har yanzu akwai tsofaffin ma'aikatan waɗannan masana'antu a unguwannin nan, waɗanda suka san cewa kowane boris da giris ɗinsa da lokacin sa shi. Ƙungiyoyin kanikawa za su iya gayyato su su koyar da yaran gareji.

Masu shaguna su ma suna da nasu nauyin. Wanda zai sayar da giris a awo, ya bar bokitin asali da rubutunsa a gaban mai saye, ya kuma rufe shi daga ƙura. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta riƙa leƙa rumfunan giris kamar yadda ake sa ido kan jabun man inji. Shi kuma mai inji, kafin ya miƙa kuɗi, ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a jikin bokitin. Idan babu rubutu, ya ƙara gaba.