Tarkacen Kwamfuta Ba Dukiya Ba Ne

Ina da ja da masu gyaran kwamfuta a N'Djamena da ke loda wa mutum manhajoji tuli a Ubuntu, su ce ajiya maganin wata rana. Wace rana? A Chadi, inda data ke cin aljihu, duk lokacin da ka buga apt upgrade sai ka biya kuɗin sabunta abin da ba ka taɓa buɗewa ba. In ka ƙi sabuntawa kuma, ka bar wa ɓarawo ƙofa a buɗe. Masu Windows sun ɗanɗana a Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar SMBv1 ta durƙusar da asibitoci a Ingila.

Maganin bai kai wahalar shan shayi ba. Umarnin apt purge na cire manhaja da saitunanta, apt autoremove kuma ya kwashe 'yan rakiyar da ta bari, har da tsofaffin kernel masu cika /boot. Sharaɗi ɗaya ne: karanta jerin sunayen kafin ka danna Y.

Duk mai gyaran da ya ce maka sharewa ganganci ne, tambaye shi ko shi zai saya maka datar wata mai zuwa.