Tunkiyar Inna da Yaƙin da Ake Yi a Cikin Hanji

Da na je gida Kahu hutun da ya wuce, na tarar da tunkiyar Inna ta zama daga ƙashi sai fata, alhali kuwa ba ta fasa cin harawa da dusa ba. An ɗura mata maganin tsutsa har sau uku, an jiƙa mata kanwa, daga baya aka kai ta kasuwar Rano aka sayar a wulaƙance. Da ita kuwa aka so a biya wa ƙanwata kuɗin makaranta. Ba wanda ya ɗebi jininta ya gwada.

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ke yi wa tumaki irin wannan ɓarna. A 1895 ne Johne da Frothingham suka bayyana ta a jikin wata saniya a Dresden ta ƙasar Jamus. Ƙwayarta dangin ƙwayar tarin fuka ce, sai dai ita hanji take kamawa. Ɗan tunkiya yakan haɗiye ta tun yana tsotson hantsar da kashi ya ɓata, ba kuwa za a ga alama ba sai bayan shekara biyu ko fiye.

A tsawon wannan lokaci yaƙi ake yi a ɓoye. A bangon hanji akwai ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aikinsu haɗiye baƙo su narkar da shi. To, wannan baƙo ba ya narkewa, sai ma ya mai da cikin mai haɗiyar ɗakin kwana. Sai wasu fararen ƙwayoyin jini sun shaida furotin ɗin jikinsa, sun saki wani sinadari mai suna intaferon-gama, sa'an nan mahaɗiyan suke farkawa su kashe shi. Tunkiyar da wannan martani ya yi rauni a jikinta, ƙwayar cutar takan hayayyafa, bangon hanji ya yi kauri, ta ci abinci ya wuce bai kama jikinta ba.

Nan amfanin binciken yake. In aka ɗebi jinin dabba aka gauraya da furotin ɗin ƙwayar, aka ga intaferon ya fito, watau sun taɓa gamuwa ke nan. Matsalar ita ce yawancin furotin ɗin akwai irinsu a jikin danginta da ke cikin ƙasa da ruwa, don haka gwajin yakan yi ƙarya. Masana na neman waɗanda ita kaɗai ke da su.

Na ji wani a ɗakin kwananmu yana cewa wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Ban yarda ba. A Ostareliya an daɗe ana wannan bincike a kan tumakin Merino, tun 2002 kuma suke yi musu allurar rigakafi. Wa zai yi mana shi a kan 'yanƙasa da uda da balami? Ga cibiyar Vom tun 1924, ga ta Shika, ga Jami'ar Ahmadu Bello. Ina ganin ya kamata ɗaliban likitan dabbobi na ajin ƙarshe su riƙa sammako zuwa kwatar Kano suna duba hanjin ramammun tumaki, malaman dabbobi na ƙananan hukumomi kuma su daina sallamar kowace rama da maganin tsutsa.

Inna dai ta sayo wata, ta ɗaure ta a turken waccan, a kan takin da ba a kwashe ba. Ciki gare ta.