Kada Mu Jira Sai Kifi Ya Taso Matacce

Mai karatu, mun saba cewa kogi bai gurɓace ba sai ran da muka ga kifaye sun taso a mace. A ganina wannan kuskure ne babba, domin kafin wannan rana ta zo, an daɗe ana fafatawa a cikin hantar kifin.

Mu ɗauki Kano a matsayin misali. Masana'antun jima suna amfani da kuromiyam wajen gyaran fata, kuma ruwan dattin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa da Bompai yakan gangara kogunan Chalawa da Jakara. Tarwaɗa da karfasa suna ɗaukar kuromiyam da dalma da kadmiyam ta kafofin numfashinsu da kuma abincinsu, sai ƙarafan su taru a hanta da ƙoda.

A nan ne ƙarafan suke haddasa yawaitar wasu ƙwayoyin oksijin masu lahani, waɗanda suke cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa take cin kwano. Jikin kifi yana da masu gadi, wato sinadaran da ake kira inzayim. Na farko, SOD, yana juya muguwar ƙwayar zuwa haidurojin feroksaid. Na biyu, katalas, yana farfasa wannan ya koma ruwa da oksijin. Idan gubar kaɗan ce, aikin masu gadin yakan ƙaru. Idan ta yi yawa ko ta daɗe, sai aikinsu ya ragu, saboda ƙarafan suna lalata su kansu. Daga nan hanta ta fara lalacewa, girman kifi ya tsaya, hayayyafa ta ja baya.

To, tunda ana iya auna waɗannan sinadarai a ɗakin gwaji, me zai hana hukumomin kula da muhalli su haɗa kai da jami'o'inmu a riƙa auna su a kai a kai, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon? Awon ruwa yana nuna halin ranar da aka ɗebo shi ne kawai, amma hantar kifi tana ɗauke da labarin makonni da watanni.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan matsalar kifi ce kaɗai. Suya ko banda ba sa kawar da ƙarfe daga nama. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara, kuma ba a farga ba sai da aka fara binne su. Malaman kimiyya su kai ɗalibansu bakin kogin garinsu, su bincika abin da yake kwarara a ciki da inda ya fito.