Yini Guda A Garin Mazara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, fatake da yawa sukan tafi Italiya fatauci, su ƙare kwanakinsu tsakanin kanti da masauki, suna ganin kallon gari aikin marasa sana'a ne. Wannan kuskure ne, domin kallon da ya gamu da i'itibari karatu ne. Garin Mazara ya isa shaida.

Mazara tana bakin teku a tsibirin Sikiliyya, ta fi kusa da Tunis bisa ga Roma. A nan ne Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawana, almajirin Imamu Malik, ya sauka da rundunarsa a shekarar 827. Musulmi suka riƙe garin shekara fiye da 200, sa'an nan Normawa suka ƙwace shi.

Matafiyi ya fi kyau ya soma da hantsi daga tsohuwar unguwar da ake kira Kasba, mai lunguna ƙunci da lanƙwasa kamar na cikin birnin Kano. Masunta mutanen Tunis sun zauna a ciki tare da iyalinsu. Daga nan ya wuce ya dubi ƙofar da ta saura daga ganuwar Normawa, ya gangara bakin kogi inda jiragen su suke tsayawa.

In azahar ta yi, abinci ba shi da wuya ga mai tsare addininsa. Mutanen yankin suna dafa kuskus, mai kama da burabusko, da romon kifi, ga kuma jan jatan lande wanda garin ya yi suna da shi. Abin da ya fito daga teku halal ne a mazhabar Malik. Sai dai wajibi ne a tambayi mai dafuwa, gama sukan zuba giya a miya, sukan sa naman alade a inda baƙo bai zata ba. Kunyar tambaya ba uzuri ba ce.

Wani zai ce ina amfanin kallon ƙasar da ta fita daga hannun Musulmi? Amsa tana cikin Muhtasar. Malamai huɗu Shehu Halilu ya ambata a farkon littafinsa, ɗayansu Imamu Maziri ne, wanda ya rasu a shekarar 1141, mai sharhin Sahihu Muslim. Sunansa kuwa jingine yake ga wannan gari. Mulki ya tafi, sarakunan sun zama labari, amma a zaurukan Sakkwato da Zariya da Katsina har yau ana ambaton Mazara a bakin masu karatun fiƙihu, ko da yawancinsu ba su san gari ba ne.

Saboda haka falken da ya ware yini guda domin Mazara bai yi hasara ba. Ya ga da idonsa abin da yake gushewa da abin da yake wanzuwa, zai kuwa komo da sanin inda ya kamata ya zuba ribarsa. Allah Ya sa a dace. Wassalamu.