Marubucin tallan da bai taɓa ganin haja ba

Duk mai bibiyar harkar saye da sayarwa a WhatsApp da Instagram da Facebook ya lura da wani sauyi a 'yan shekarun nan. Mai turaren wuta da a da takan ɗora hoton kwalba ta rubuta farashi da lambar waya, yanzu sai ka tarar ta jero sakin layi uku cikin Turanci mai santsi, an yi masa ado da taurari da furanni. Mai shadda a Kantin Kwari haka, mai wayoyi a Farm Centre haka. Babu wanda ya koma makaranta a cikinsu. Magatakarda suka samu, wanda ba ya gajiya, ba ya ƙorafi, kuma sau da yawa ko sisi ba ya karɓa.

Magatakardan nan shi ne manhajojin rubutu na ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, Google ya biyo baya da Bard wanda daga baya ya koma Gemini. Amma ina ganin ranar da abin ya shigo kasuwarmu da gaske ita ce a watan Afrilun 2024, lokacin da kamfanin Meta ya dasa nasa mataimakin a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a wasu ƙasashe, har da Najeriya da Ghana. Daga nan ba sai an sauke wata manhaja ba. Inda ake cinikin, nan marubucin yake zaune yana jiran umarni.

Kada a raina amfaninsa. Kamfanonin talla na Legas ba don mai jarin dubu ɗari biyu aka buɗe su ba. Matar da ke haɗa humra a cikin gidanta a Maiduguri, tana son ta kai ga mai saye a Abuja ko Fatakwal, ta daɗe tana roƙon ƙanenta ɗan jami'a ya rubuta mata layi biyu, shi kuma yana ja mata rai. Yau cikin minti ɗaya tana da rubutu iri biyar, ta zaɓi wanda ya kwanta mata. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai taɓa rasa ciniki saboda rashin Turanci ba.

Sai dai talla alkawari ne. Duk kalmar da mai kaya ya faɗa kan hajarsa, ya ɗaure kansa da ita. Shi kuwa wannan marubuci bai taɓa shafa shadda ba, bai taɓa shaƙar turare ba. An horar da shi ne da ɗimbin rubuce-rubucen da aka kwaso daga intanet, aikinsa kuma shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta. Idan ka ce masa ya rubuta maka tallan yadi, zai kawo abin da aka saba faɗa a tallan yadi: auduga zalla ce, ba ta zuba, ba ta yamutsewa. Bai yi niyyar ƙarya ba, domin ba shi da niyya. Giɓi ya gani a bayanin da ka ba shi, ya cike shi da abin da ya fi daɗin ji. Kai ne ka san cewa yadin da ke gabanka gauraye ne da roba, kuma wankin farko zai nuna hali.

Abin da ya faru a birnin Glasgow na Sukotilan a watan Fabrairun 2024 ya isa misali. Wani ƙaramin kamfani ya tallata bikin yara da ya ce zai shigar da su duniyar alewa da cakuleti irin ta fim ɗin Willy Wonka. Hotunan tallan, na'ura ce ta zana su: lambuna masu ƙyalli, alewa manya kamar bishiyoyi, launuka kamar a mafarki. Har da wasu kalmomi a jikin hotunan da babu su a kowane ƙamus na Turanci, amma kyan zanen ya hana mutane lura. Iyaye suka sayi tikiti har na fam 35. Da suka isa, sai suka tarar da wani ɗakin ajiyar kaya kusan fayau, an rataya 'yan ƙyallaye a bango, aka ba kowane yaro 'yan ƙwayoyin alewa da ɗan lemo a gindin kofi. 'Yan wasan da aka ɗauko sun ce takardun da aka ba su su haddace ma surutan na'ura ne marasa kai da gindi. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka fusata, aka kira 'yan sanda, aka rufe wurin a ranar farko.

Abin lura a labarin shi ne yadda na'ura ta rushe wani tsohon shinge. A da, talla mai kyau tsada gare shi. Wanda ya iya biyan mai zane da mai hoto da marubuci, galibi yana da abin da zai nuna, don haka kyan talla kan zama 'yar alama ta nauyin mai shi. Yanzu wanda ba shi da ko kwali ɗaya a shago zai iya fitar da talla da ya fi na babban kamfani ƙyalli. Idon mai saye kuwa har yau da tsohon ma'auni yake awo.

(A farkon shekarar 2024 ma an ga kayayyaki a kasuwar Amazon da sunansu ya fito a matsayin ban-haƙurin manhaja, cewa ba za ta iya biyan wannan buƙata ba saboda ta saɓa wa ƙa'idar OpenAI. Masu kayan sun kwafi amsar sun manna a gurbin suna, ko karantawa ba su yi ba.)

A wurinmu lamarin ya fi haɗari, domin cinikin intanet a nan cinikin biri ne a sama. Ka ga hoto, ka tura kuɗi, a kai kaya tasha a ba direba, ka jira. Babu wani tsari tsayayye na mayar da kaya idan ba su yi ba. Abin da ya riƙe wannan kasuwa gaba ɗaya shi ne yarda: wance ta saya a wurinta ta yaba, wane ɗan unguwarmu ne. A Kwari mai saye na murza yadi da yatsa, ya ɗaga shi ga haske, gani ya kori ji. A waya ji kaɗai ya rage masa, kuma jin nan yanzu daga bakin wanda bai ga kayan ba yake fitowa.

To in magana ta tashi, wa za a kama? An riga an gwada wannan tambaya a Kanada. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira da ke shafin kamfanin Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza. Manhajar ta ce masa ya sayi tikiti, zai iya neman rangwamen daga baya cikin kwana 90. Dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Da aka je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya kawo hujjar cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. Kotun ta yi watsi da wannan a Fabrairun 2024, ta umarci kamfanin ya biya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ɗari takwas da 'yan kai ne na dalar Kanada, amma hukuncin ya tsaya: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Dokokinmu ma ba su bar ƙofar "na'ura ce ta rubuta" a buɗe ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da haja, ba ta kuma damu da wanda ya tsara jimlar ba. Dokar 2022 da ta mayar da APCON zuwa ARCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da shi, hukumar kuma ta ce hakan ya haɗa da na kafafen sada zumunta. Magani da abinci da kayan shafa, tallansu sai da amincewar NAFDAC. Kowa ya san waɗannan hukumomi ba su da idon da zai bi kowace waya. Amma rashin kamu bai halatta abu ba.

Batun maganin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Mun saba da mai mota da lasifika a bakin kasuwa, yana jero cututtuka goma sha biyu da kwalba ɗaya ke warkarwa. Shi aƙalla muryarsa na tona shi, mai hankali ya ji ya wuce. Yanzu kuwa mai maganin basir ko na sanyi ko kayan mata zai samu rubutu cikin harshen likitoci, da sunayen sinadarai, da jimlar "bincike ya tabbatar", alhali babu binciken da aka yi. Manyan manhajojin kan yi tirjiya idan an nemi su ce abu na warkar da ciwon suga, amma wanda ya iya lallashi yakan samu abin da ya yi kusa da haka. Mai ciwon da ya ajiye maganin asibiti saboda ya karanta irin wannan rubutu, asararsa ta wuce ta kuɗi.

Akwai kuma shaidar zur. A wurin mai lasifikar nan akan samu wani a cikin taro da zai ɗaga hannu ya ce shi ya sha ya warke, alhali tare suka zo. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ɗan'uwan wannan dabara, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ingiza wani, kuma sun hana. Na'ura na iya samar da irin waɗannan shaidu hamsin kafin shayi ya huce, kowace da salonta: wannan "Hajiya daga Kaduna", waccan "amarya daga Zinder". A Amurka hukumar kula da cinikayya ta FTC ta fitar da doka a watan Agustan 2024 da ta haramta yabon bogi, ta kuma ambaci wanda ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ƙarara. Mai kayan da ya yi wannan ba shi da uzurin rashin sani irin na mai yadi. Shi ya nema da bakinsa.

Sai Hausar kanta. Waɗannan manhajoji da Turanci aka raine su. Rubutun da aka horar da GPT-3 da shi, sama da kashi 90 cikin 100 na Turanci ne, Hausa kuwa ɗigo ce a cikin kogi. Sababbin sun fi na baya iyawa, amma har yanzu idan ka nemi talla da Hausa, abin da kake samu Turanci ne sanye da babbar riga. Za ka ga "ɗaga salonka zuwa mataki na gaba", ko "buɗe sirrin kyawunki". Wace Bahaushiya ce ta taɓa yi wa 'yar'uwarta magana haka? Wani lokaci ta fara da "kai" ta ƙare da "ke" a tallan lalle. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ takan zo ta tafi yadda ta ga dama.

Abin takaicin shi ne ba mu rasa gadon talla ba. Yarinya mai tallan fura tana da kiranta, mai goro yana da nasa, dillali ya san inda zai zuga da inda zai yi shiru, tallace-tallacen rediyon Kaduna da Kano kuwa akwai waɗanda suka shiga bakin mutane har suka zama abin zolaya a gida. Duk wannan a baki yake, ba a rubuta shi a intanet ba, don haka na'ura ba ta san da shi ba. Idan masu turare dubu suka yi wa manhaja ɗaya tambaya ɗaya, amsa kusan ɗaya za su samu, kowa turarensa "na alfarma" ne mai "ƙamshi na musamman". Talla kuwa don a bambanta ake yin sa.

Ɗalibai da yawa sun fara karɓar aikin kula da shafukan 'yan kasuwa, ana biyansu duk wata, kuma wannan sana'a ce ta halal da ya kamata a ƙarfafa. Amma wanda aikinsa bai wuce kwafa da mannawa ba, ya sani uban gidansa ma na da WhatsApp, ranar da ya gane hanya an sallame shi. Abin da za a ci gaba da biya shi ne zuwa shago a tambayi mai kaya: yadi nawa ne a turmin, daga ina aka kawo, yana zuba ko ba ya zuba, kwana nawa kaya ke yi kafin su isa Yola, in an samu matsala wa ke biyan kuɗin mota. A ba manhajar waɗannan, a gaya mata kada ta ƙara komai a kai. In ta fitar, a bi jimla-jimla a goge duk siffar da mai kayan ba zai iya maimaita ta a gaban mai saye ba. In da Hausa ne, a karanta wa wani dattijo a shagon da babbar murya, inda ya yamutsa fuska a sake wurin.