Mazan Jiya Ba Aljanu Ba Ne

 Ku ɗalibai nake yi wa magana, amma iyaye da malamai su ma su kasa kunne.

Sa'ad da muke yara, akwai wani tsoho a ƙauyenmu, nan gefen kanal tsakanin Kura da Bunkure, wanda kowa ke kira ɗan Boma, domin ya je Yaƙin Duniya na Biyu. Babu irin labarin da ba mu ji a kansa ba. Wai harsashi in ya taɓa shi sai ya zama ruwa. Wai yana da layar zana, in abokan gaba suka kewaye shi sai ya ɓace. In ya taho yana ɗingishi sai mu watse. Ranar da ya rasu, mahaifina yana cikin waɗanda suka shirya gawarsa. Da ya dawo gida ya ce ya ga tabon harsashi a cinyarsa, rami guda. Ashe ɗingishin ke nan. Mutumin da muka ce ƙarfe ba ya cinsa ya ƙare kwanakinsa yana gadin gonar tumatir ta wani domin ya sami na tuwo.

Abin da ya tuna mini da shi, kwanan baya wani ɗalibi ya tambaye ni a aji ko gaskiya ne mutum-mutumin soja da ake ajiye wa furanni yakan sauko da dare ya yi fareti. Wani kuma ya kawo zancen fararen tattabarun da suka ƙi tashi a Abuja ranar 15 ga Janairu, 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe musu keji, ya ce ai wata alama ce. Na yi dariya, amma daga baya na yi baƙin ciki. Yaran nan sun san labarin tattabaru, ba su san dalilin taron ba.

To, ga dalilin. Ranar 15 ga Janairu, 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa da aka fara a 1967, shi ya sa Nijeriya ta mai da ita Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A da, 11 ga Nuwamba ake yi, watau ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Farko, a 1918. Al'adar kabarin sojan da ba a san sunansa ba kuwa, Ingila da Faransa suka fara ta a 1920, domin iyayen da ba su sami gawar 'ya'yansu ba su sami wurin da za su tsaya su yi makoki. Ba don tsafi aka gina shi ba. Hawaye ne asalinsa.

Ɗan Boman ƙauyenmu kuwa, ainihin tarihinsu ya fi tatsuniyarmu ban mamaki. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ƙetare teku zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazuzzukan Boma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, suka kara da sojojin Japan. Inda mota ba ta iya shiga, a ka suka ɗauki kayan yaƙi. Ta jirgin sama ake jefo musu abinci. A Janairu 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Duk wanda ya ji sunan barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Dodan da Myohaung a Legas, to sunayen wancan yaƙi yake ji. Barikin Bukavu na nan Kano kuma sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960. Muna wucewa ta ƙofar tarihi a mota kullum, ba mu sani ba.

Waɗanda ba su dawo ba fa? A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan ƙasarmu. Su ma sun yi sa'a. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, da yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Mun yi fushi da Turawa a kan wannan, kuma da gaskiyarmu. Amma laifi tudu ne. Mu nawa muka rubuta?

Wani zai ce, Malam, ai tatsuniya ma girmamawa ce, da ita kakanninmu suka adana sunan jarumai. Na yarda. Ba don labarin layar zana ba, da watakila na manta da tsohon nan. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: wanda harsashi ba ya ci, ba ya bukatar magani. Wanda ke ɓacewa, ba ya jin yunwa. Da muka mai da shi aljani, sai muka sauke wa kanmu nauyinsa. Jarumtarsa ma muka rage ta, gama wanda ya san harsashi na iya kashe shi amma ya tsaya, ya fi wanda ya dogara ga laya.

Saboda haka ga shawarata. 'Yan Boma sun kusa ƙarewa, amma waɗanda suka yi yaƙin basasa suna nan cikinmu, sun haura shekara saba'in. Akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo. Akwai gwauraye da marayun sojojin da suka faɗi a Arewa maso Gabas. A hutun nan kowane ɗalibi ya nemi ɗaya daga cikinsu, Kirista ne ko Musulmi, gama a ramin yaƙi ba a tambayi addinin kowa ba. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku rubuta sunansa da rundunarsa da inda ya je, ku kawo wa ƙungiyar tarihi ta makaranta. In yana da 'yar gonar rani, ku taya shi yashe magudanar ruwa. Ikilisiyoyinmu kuma, bayan addu'ar Lahadin tunawa, a bi da kwanon shinkafa.

Kishin ƙasa ba ya ƙarewa a rera taken ƙasa da safe. Ruwan nan na Tiga da ke ratsa gonakinmu tun bayan kammala madatsar a 1974, na kowa ne. Wanda ya tare shi da dare ya bar na ƙasa da shi da busasshiyar gona, ko ya saya bajon tunawa goma ya liƙa a ƙirji, bai san abin da mazan jiya suka mutu dominsa ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu salama, amin.