ABIN LURA: TUNKIYAR TALAKA

Kaka ta zo a Adar. Hatsi ya nuna a gonakin Kalfu da Barmu. Bisashe kuma sun fara gangarowa daga Azawak ta wajen Tabalak. A wannan lokaci ne ɓarna take yawa, kuma zukata suke zafi.

A jihar Tawa akwai Kiristoci, ko da yake ba su da yawa. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950. Littafinsu Mai Tsarki ya fito gaba ɗaya da Hausa a 1932. A cikinsa akwai wani labari da zai amfani manomi da makiyayi.

Labarin yana cikin Littafin Sama'ila na biyu, sura 12. Littafin ya ce sarki Dawuda ya ɗauki matar wani sojansa mai suna Uriya. Ya kuma sa aka kai Uriya inda yaƙi ya fi zafi, aka kashe shi. Sai Allah ya aiko annabi Natan da misali.

Wani attajiri yana da garken tumaki da shanu. Maƙwabcinsa talaka ba shi da kome sai 'yar tunkiya guda, wadda ta girma tare da 'ya'yansa. Ran nan attajiri ya yi baƙo. Bai taɓa garkensa ba, sai ya yanka tunkiyar talaka.

Dawuda ya husata, ya yanke hukunci a biya tunkiya huɗu. Nan take Natan ya nuna masa cewa shi ne attajirin. Sarki bai kawo hujja ba, bai kori annabin ba. Ya amsa laifinsa. Allah ya gafarta masa, bai kashe shi ba. Amma jaririn da aka haifa ya rasu, kuma fitina ta shiga gidansa. Wato jinƙan Allah yana da yawa, amma ɓarnar zunubi ba ta gushewa nan da nan.

A koyarwar wannan littafi, tuba ba ta tsaya a baki ba. Littafin Fitowa, sura 22, ya ce wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani zai biya da mafi kyawun amfanin tasa gonar. A Linjilar Luka, sura 19, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Kowa yana ganin laifin maƙwabci, nasa kuwa yana bayan ƙeya. Makiyayin da shanunsa suka shiga gona da dare ya ci tunkiyar talaka. Manomin da ya nome burtali, ko ya sari saniya don fushi, shi ma haka.

Ƙasar nan ta ga inda ramuwa take kaiwa. A Toda, cikin jihar Maradi, mutane fiye da 100 suka mutu a 1991.

Saboda haka wanda ya yi ɓarna kada ya jira a kama shi. Ya je wurin maigari ko arɗo, ya faɗi gaskiya. A auna ɓarnar gaban shaidu, ya biya. Wanda aka cuta kuma, in an biya shi, ya yafe. Mai neman jinƙan Allah ya fara da jinƙan maƙwabcinsa.